Me ɗan wasan besbol yake yi a tsayen nan?

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana cewa ya zauna gaban talabijin kusan awa guda yana kallon wasan besbol na Amurka, bai ga komai ba sai mutane a tsaye suna tauna cingam, ɗaya na jifa, ɗaya na kai duka yana kuskurewa. Ga shi kuma ya ji an ce wani ɗan Japan ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 700. Tambayarsa ita ce: su 'yan wasan, yaya suke ganin abin daga ciki, kuma ina wahalar take?

Malam, sannu da ƙoƙari. Awa guda gaban wasan da ba ka san dokarsa ba, ai ka yi haƙuri. Na yi shekaru ina aikin kula da jikin 'yan wasa a wata ƙaramar ƙungiyar besbol a Amurka. Ni ne mai ɗaure gwiwa, mai ɗora ƙanƙara a kafaɗa, mai tausa bayan an tashi. Yawancin abin da zan gaya maka daga bakinsu na ji shi, a kan teburin tausa da cikin doguwar mota da tsakar dare.

Ga ƙashin bayan wasan a taƙaice, don mu fahimci juna. Ƙungiya biyu ce, mai tsaron fili tana da mutum tara a ciki. Turmi tara ake yi, kamar yadda ake ƙirga turmi a dambe, kuma a kowane turmi kowace ƙungiya tana da damar duka har sai an fitar mata da mutum uku. Mai jifa yana kan ɗan tudu a tsakiya. Mai duka yana riƙe da kulki a gefen wani farin faranti da ake kira gida, mai cafkewa yana tsugune a bayansa. In ka doki ƙwallo ta faɗi inda ba a cafe ta ba, sai ka ruga zangon farko. Zango uku ne, na huɗu shi ne gida, kuma sai mutum ya zagayo gida ake rubuta maki ɗaya. In jifa mai kyau, wato wanda ya bi daidai ta kan farantin, ya wuce ka, ko ka kai duka ka kuskure, har sau uku, ka fita.

To, ka ɗauka kai ne riƙe da kulkin. Tsakaninka da inda mai jifa ke kafa ƙafa mita 18.44 ne, kuma da yake yana yin dogon taku gaba kafin ya saki, ƙwallon daga kusa da haka take tasowa. A babban rukuni, wato MLB, jifan da ke gudun kilomita 150 a awa ya zama ruwan dare. Aroldis Chapman, ɗan ƙasar Kuba, ya yi na kilomita 170 a shekarar 2010. Irin wannan ƙwallo tana iso ka cikin kusan kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa ɗaya, kuma juya kulkin kansa yana cin wani abu daga cikin wannan ɗan lokaci. Ke nan tun ƙwallo tana wajen rabin hanya dole ka riga ka yanke shawara, ko duka ko bari. A ƙarshen tafiyarta ido ba ya iya bin ta. Hannu ne ke tafiya inda ƙwaƙwalwa ta yi hasashen za ta biyo.

Da a miƙe take zuwa, da da sauƙi. Fatar saniya ce aka ɗinke da jan zare, ɗinki 108, nauyinta bai kai giram 150 ba, kuma ɗinkin nan shi ne makamin mai jifa. Yadda ya ɗora yatsunsa a kai, da yadda ya murɗa wuyan hannu, shi ke sa iska ta ture ƙwallon. Wata za ta taho kamar kafaɗarka ta nufa, ka ja da baya, sai ta karyo ta faɗa daidai kan farantin. Wata ta taho a miƙe, sai ta goce gefe dab da kai. Wadda ta fi cin rai ita ce wadda hannu ya fito da ƙarfi irin na jifa mai gudu, amma ƙwallon ta taho a sanyaye, ka gama juya kulki ba ta iso ba. 'Yan wasa sun sha gaya mini cewa a jifan da ke gocewa gefe, jan zaren yakan haɗu ya zama ɗan ɗigo ja a jikin ƙwallon yayin da take juyawa. Wanda idonsa ya kama ɗigon nan ya san abin da ke tafe. Duk wannan karatu a cikin ƙiftawar ido ake yin sa. Sannan kulkin zagayayye ne, kaurinsa bai kai santimita 7 ba, ƙwallon ma zagayayya ce. Saɓanin da bai wuce faɗin farce ba shi ke raba ƙwallon da ta tsallake katangar fili, wadda ke ba mai duka damar zagayowa gida kai tsaye, da wadda ta tashi sama ta faɗo a hannun abokin hamayya.

Akwai tsoro kuma, ko da yake ba su cika son ambatonsa ba. A watan Agusta na 1920 jifa ya sami Ray Chapman na ƙungiyar Cleveland a ka, washegari ya rasu. Daga baya aka wajabta hular kwano, amma hannu da haƙarƙari da fuska suna nan a fili. Na sha ganin shatin ɗinkin ƙwallo kwance a cinyar mutum, ja-ja-wur, ana iya ƙirga zaren. Wanda aka yi wa haka yau, gobe zai koma ya tsaya a wuri ɗaya, ya kafa ƙafa, ya hana jikinsa ja da baya.

Yanzu mu zo kan abin da a ganina shi ne zuciyar tambayarka. A besbol ana auna mai duka da kashi cikin dubu. Wanda ya sami duka mai kyau sau 300 cikin 1,000 gwani ne na gaske, irin wanda ƙungiyoyi ke rububinsa. Ma'ana, gwanin gwanaye yana komawa benci hannu rabbana sau bakwai cikin goma. A kakar 2024, in aka haɗa masu duka na MLB gaba ɗaya, 243 cikin dubu suka samu. Ted Williams na Boston Red Sox ya kai 406 a 1941, kuma tun daga lokacin babu wanda ya sake kai 400 a rukunonin American da National, wato rassa biyu na MLB. Labarin ranar ƙarshe ta wannan kaka 'yan wasa suna son sa ƙwarai. Lissafinsa yana gab da 400, in an cike shi ya kai, kuma yana da damar ya zauna a benci ya tsira da sunansa. Ya ƙi. Ya buga wasa biyu a ranar a Philadelphia, ya sami shida cikin takwas.

Don haka in ka tambayi ɗan besbol mene ne sana'arsa, mai gaskiya zai ce maka jure faɗuwa. Kowa ya iya murna ranar da ya yi duka uku. Abin da ake koya tsawon shekaru shi ne yadda za a fitar da kai sau huɗu a daren Talata, ka yi barci, ka dawo ranar Laraba da zuciya wankakkiya. Kuma wasan ba ya yin adalci a rana ɗaya: sai ka doki ƙwallo daram a tsakiyar kulki ta tafi kai tsaye hannun wani, na bayanka ya ɗan shafe ta da bakin kulki ta gangara inda babu kowa, a rubuta masa nasara, kai a rubuta maka fita. Shi ya sa masu horarwa na ƙwarai suke tambayar yaro ko jifan da ya dace ya kai wa duka, kafin su tambaye shi abin da ya samu.

Wani lokaci kuma sai fari ya sauka wa mutum. Chris Davis na Baltimore Orioles, wanda sau biyu yana fin kowa a MLB yawan dukan da ke tsallake katanga a kaka guda, ya yi sau 54 a jere bai sami ko ɗaya ba, daga ƙarshen kakar 2018 zuwa Afrilun 2019, a gaban dubban mutane da kyamarori. Ni kuma na ga ƙaramin irinsa da idona. Wani yaro ne ɗan Jamhuriyar Dominika, bai cika ashirin ba, Turancinsa kaɗan ne. Ya yi kwanaki babu duka. Kullum shi ne farkon zuwa, ya shige kejin atisaye yana dukan ƙwallo har tafin hannunsa ya yi bororo, bororon ya fashe. Wata rana ina naɗa masa filasta, hannun yana rawa, ya ce mini mahaifiyarsa tana duba sakamakon wasa a waya kowane dare, ƙannensa kuma da ɗan abin da yake aikawa suke zuwa makaranta. Matsalarsa a lokacin ita ce yawan so. Ya matse kulkin kamar zai tatsi ruwa a jikinsa, kuma matsattsen hannu ba ya sauri. Mai horar da masu duka, wani dattijo, ya hana shi shiga keji kwana biyu cur, ya ce ya zauna kusa da shi ya riƙa faɗin irin jifan da yake ganin zai biyo. Da ya dawo fili, dukansa na farko wata 'yar raunanniyar ƙwallo ce da ta tsallake kan mai tsaron zango na biyu da ƙyar. Yana isa zangon farko ya dafa gwiwoyinsa ya sunkuyar da kai, duk bencin ya miƙe ana ihu kamar an ci kofi.

Abin da ke ƙara wa wannan nauyi shi ne yawan wasan. Ƙungiyar Firimiyar Ingila wasa 38 take yi a gasar a kaka guda. Kowace daga cikin ƙungiyoyi 30 na MLB wasa 162 take yi cikin wata shida, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, ban da atisayen share fage da ake farawa tun Fabrairu a jihohin Florida da Arizona, ban da wasannin neman kofi a Oktoba. Kusan kullum ne. Wasan ƙarfe bakwai na yamma, ɗan wasa yana filin tun da rana: motsa jiki, kallon bidiyon mai jifan da za a fuskanta, keji, atisayen cafke. Daga watan Yuni zuwa gaba ban san ɗan wasa ɗaya da jikinsa yake lafiya lau ba, kowa da inda yake lallaɓawa. Shi ya sa suke girmama Cal Ripken ƙarami na Baltimore fiye da yadda mai kallo zai zata. Ya buga wasa 2,632 a jere, daga 1982 zuwa 1998, bai tsallake ko ɗaya ba.

Cikin irin wannan rayuwa mutum yakan nemi abin da zai riƙe. Wade Boggs, ɗaya daga cikin manyan masu duka na zamaninsa, ya shahara da cin kaza kafin kowane wasa. Wani ba ya taka farin layin fili, wani sai ya kwance maɗaurin safar hannunsa ya sake ɗaurewa bayan kowane jifa. Ni ban yarda da camfi ba, kuma nakan faɗa musu haka. Amma na gane abin da ke ƙarƙashinsa: mutum yana neman abu ɗaya da ke hannunsa a sana'ar da akasarin sakamakonta ba ya hannunsa.

Batun kuɗi kuma, miliyoyin da ka ji na 'yan tsiraru ne. Ƙarƙashin MLB akwai ƙananan rukunoni hawa-hawa, ƙungiyoyi 120 a matakai huɗu, kuma mafi yawan waɗanda suka shiga ba sa taɓa kaiwa sama. Kafin 2023, ɗan wasan matakin ƙasa yakan sami kimanin dala 11,000 a shekara, na matakin ƙarshe kafin MLB kuma 17,500. A Amurka wannan ba kuɗin rayuwa ba ne. Na san waɗanda suka kwana su biyar su shida a gida ɗaya, katifar iska a ƙasa, in kaka ta ƙare su koma aikin gini ko kai saƙo. Sai a 2022 suka shiga ƙungiyar ƙwadago, a 2023 aka yi yarjejeniyar farko da ta ninka albashin. A MLB kuwa mafi ƙarancin albashi a 2024 dala 740,000 ne. Ka ga tazarar da ke tsakanin hawa ɗaya da na samansa. Kuma abokin ɗakinka, wanda kuke cin abinci tare, shi ne kuke neman gurbi ɗaya da shi. Ranar da manaja ya kira mutum ofis ya rufe ƙofa, ɗakin sa kaya yakan yi tsit, don ko dai an ɗaga shi sama ko an sallame shi.

Mu 'yan Afirka muna da namu a wannan labari. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya girma ne a ɗan ɗaki cikin ginin wani kulob ɗin besbol a Randburg, inda mahaifiyarsa ke aiki. Pittsburgh Pirates suka ɗauke shi a 2008, ya yi ta gwagwarmaya a ƙananan rukunoni kusan shekara tara. Ranar 26 ga Afrilu, 2017, ya zama ɗan nahiyar Afirka na farko da ya buga a MLB, kuma a tsayuwarsa ta farko ya sami duka a kan Jon Lester na Chicago Cubs. Zamansa a sama bai yi tsawo ba. Duk wanda ya san motocin dare da ƙananan otal-otal na wancan hawa ya san abin da wannan duka ɗaya ya ci.

Ban yi maganar mai jifa ba, shi kuwa duniyarsa daban ce. Shi kaɗai ne a fili wasa ba ya motsi sai ya motsa. Aikinsa yaudara: ya sa ka jira mai gudu ya kawo mai sanyi, ya nuna maka ciki ya jefa waje, a kan farantin da faɗinsa santimita 43 ne kacal. Mariano Rivera, ɗan Panama, kusan da jifa iri ɗaya ya yi rayuwarsa a New York Yankees, kowa ya san abin da zai zo, amma ya rufe wasa 652 da nasara, kuma a 2019 ya zama na farko da duk masu zaɓe suka amince da shigarsa zauren gwarzaye. Sai dai jifa ta saman kafaɗa da irin wannan ƙarfi abu ne da hannun ɗan Adam ba ya so. Shi ya sa mai jifan da ke fara wasa yake jifa kusan ɗari sannan ya huta kwana huɗu. Akwai wata 'yar jijiya a cikin gwiwar hannu da take ɗaukar nauyin, kuma takan tsinke. A 1974 likita Frank Jobe ya ɗauko jijiya daga ɗaya hannun Tommy John na Los Angeles Dodgers ya dasa masa a gwiwar da ta lalace. Ya dawo ya yi wasa har 1989, kuma har yau da sunansa ake kiran aikin. Jinyarsa takan wuce shekara. Na zauna da masu wannan jinya, watanni ana lanƙwasa hannu ana miƙewa kafin a ba su izinin jefa ƙwallo taku kaɗan, kamar yara.

Akwai kuma ciwon da ba ya fitowa a hoton asibiti, wanda ni ya fi ba ni tausayi. Mutum ya yi shekara ashirin yana jifa daidai, rana ɗaya hannu ya manta. Steve Blass ya taimaki Pittsburgh ta ci kofin MLB, wanda ake kira World Series, a 1971, a 1973 ya kasa saita farantin, bai sake dawowa daidai ba. Rick Ankiel na St. Louis Cardinals, yana ɗan shekara 21, ya yi jifa biyar da suka kuɓuce wa mai cafkewa a turmi ɗaya cikin wasan neman kofi na shekarar 2000. Jifa ya gagare shi daga nan. Ya koma ƙasa ya sake koyon wasan a matsayin mai duka da tsaron bayan fili, ya dawo MLB a 2007. 'Yan wasa ba sa son ko ambaton wannan cuta a ɗakin sa kaya.

Shi kuma mai cafkewa, wanda ka gani a tsugune cikin sulke, shi ne kwanyar ƙungiya. Yana tsugunawa ya tashi fiye da sau ɗari a dare guda, ƙwallo na dukansa a yatsu da cinya, kuma shi ke ba da shawarar kowane jifa, yana riƙe a ka abin da kowane mai duka yake so da abin da yake ƙi. Da yatsu ake ba da alamar a da. Bayan an gano cewa Houston Astros sun yi amfani da kyamara suna satar alamun a 2017, suna buga kwandon shara don sanar da mai dukansu, sai a 2022 aka amince da wata 'yar na'ura da mai cafkewa ke latsawa, mai jifa ya ji a cikin hularsa.

Ɗan Japan ɗin da ka ji labari Shohei Ohtani ne, kwantiragin kuma na shekara goma ne da Dodgers, a Disambar 2023. Dalilin kuɗin shi ne yana yin sana'o'in nan biyu, jifa da duka, kowace a matakin ƙoli, abin da aka yi kusan shekara ɗari ba a ga irinsa ba tun zamanin Babe Ruth, shahararren ɗan besbol na Amurka. A 2024, yana jinyar gwiwar hannu ba ya jifa, ya doki ƙwallo ta tsallake katanga sau 54, ya kuma saci zango sau 59, wato ya ruga zango na gaba ba tare da jiran a doki ƙwallo ba.

In za ka sake kallo, Malam, yanzu ya fi sauƙi, don tun 2023 an sa agogo a kan mai jifa, wasa ya ragu daga kusan awa uku zuwa wajen awa biyu da minti arba'in. Ka bar bin ƙwallo na ɗan lokaci. Ka zaɓi mai duka ɗaya, ka riƙa cankar jifan da za a kawo masa kafin a saki, ka ga sau nawa za ka dace. Sannan ka dubi mai tsaron zango na uku, wanda ka ce yana tsaye yana tauna cingam. Daidai lokacin da hannun mai jifa ya zagayo, zai ɗan yi tsalle ya dira a kan yatsun ƙafa, ya sauke safar hannunsa ƙasa, domin ƙwallon da aka doka tana iya iso shi da gudun da ya fi na jifan. Wajen sau 150 yake yin wannan shiri kowane dare, kuma mai yiwuwa sau biyu ko uku kawai za ta biyo ta wajensa.